Abin da ajiyar albasa ta ci mana ba tare da mun biya ba

Tun da mahaifinmu ya danƙa mini lissafin garkar albasarmu da ke yankin Galmi, a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, abin da ake rubutawa shi ne kuɗin da ya fita daga aljihu: iri, taki, man injin ban-ruwa da ladan 'yan ƙwadago. Filin gado ne, rudun da muke ajiye albasa mu muka gina shi, ƙannena kuma suna aiki ba a biyansu, saboda haka gidan gaba ɗaya ya ɗauki waɗannan a matsayin kyauta.

Bara na buɗe wani shafi dabam, na sa wa kowannensu farashi bisa tambaya guda: da ba mu yi wannan da shi ba, wane abu ne mafi amfani da za mu yi? Masana tattalin arziki sun daɗe da wannan awo, kuma Friedrich von Wieser, ɗan ƙasar Ostiriya, yana cikin waɗanda suka fayyace shi tun 1914. Farashin fili shi ne hayar da maƙwabci zai ba mu, na ƙannena kuwa abin da za su aiko da sun tafi cirani Abijan kamar sauran samarin yankinmu na Adar.

Ajiya ce ta fi ɗaukar hankalina. Ana cire albasa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da kowa yake kai tasa kasuwa, farashi ya faɗi, manyan motoci su yi lodi zuwa Kumasi, Abijan da Kwatano. Wanda ya jira har damina ta yi nisa yakan sayar da tsada, amma a tsawon jiran albasar tana bushewa, nauyinta yana raguwa, wata tana ruɓewa, kuma kuɗin da ke kwance a rudu shi ne wanda da an turke raguna da shi domin Layya, ko an sayi hatsi kafin ya hau. Wannan hasarar ba ta da takardar shaida, shi ya sa manomi ba ya jin zafinta.

Da na nuna wa Baba shafin, sai ya ce, "Yanzu gonar kakanka ma haya za mu biya?" Na ce, "A'a Baba, hayar da muka ƙi karɓa ce nake son mu sani." Ya yi shiru, sannan ya amince.

Mun sayar da rabi a lokacin kakar albasa, muka sayi raguna da gero, muka zaɓi mai ƙwari muka ajiye. Ƙannena kuma an yanka musu kaso daga riba, abin da a ganina ya fi komai muhimmanci, domin zamansu a garka cirani ne suka bari saboda gida, kuma bana babu wanda ya yi maganar tafiya a cikinsu.