Darasi a Ƙarƙashin Gawo: Tafiyata Zuwa Baturiya

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, na tashi daga Kano da asuba zuwa wani ƙauye da ke gefen dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, domin amsa gayyatar wani abokina shugaban makarantar firamare, wanda ya nemi mu koyar da 'yan aji biyar darasin halittu da kiyaye muhalli. Muka bi ta Gujungu muka isa Haɗejiya da hantsi, daga nan babur ya ƙarasa da ni ta tsakiyar gonakin noman rani.

Na zo da littafi da hotuna, amma abokina ya ce, "Malam, ajiye su tukuna, mu fita da yaran." Muka zauna a inuwar wani babban gawo, na tambaye su dalilin da ya sa yake kore shar alhali itatuwa da yawa sun kaɗe. Wata yarinya ta ce, "Malam, shi da damina yake zubar da ganye, shi ya sa Baba ba ya sare shi, gero yana yin kyau a gindinsa." Abin da na ƙara mata kaɗan ne: ganyen ne yake zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da awaki a lokacin da ciyawa ta ƙare. Na daɗe ina koyarwa, kuma a ganina mukan zalunci yaran karkara idan muka fara da hoton itacen da ba su taɓa gani ba, muka tsallake wanda suke wasa a ƙarƙashinsa.

A bakin ruwa su suka riƙa nuna mini dinya da kirinjijiya da balbela da zalɓe. Da na gaya musu cewa wasu tsuntsayen nan daga Turai suke tasowa, su ƙetare hamadar Sahara don gudun sanyi, kuma saboda irinsu aka sa Baturiya cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare dausayoyi, a 2008, sai wajen ya yi tsit. Wani yaro ya tura danƙon harbinsa cikin aljihu.

Muka tsaya kan kacalla, ciyawar da ta toshe magudanan ruwa, wadda tsuntsayen jan baki suke fakewa a cikinta su afka wa shinkafa. Na bayyana musu cewa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa yake zuwa, kacalla ta samu wurin zama, masunta da manoma suka shiga wahala. Batun itacen girki ya fi nauyi, domin ba a ce wa yaron da mahaifiyarsa take jiran makamashi kada ya taɓa itace. Muka tsaya a kan a sassabe reshe a bar gindi, a kuma ƙyale tsiron da ya fito da kansa a gona. Kowane yaro ya shuka ƙwallon kuka a tsohuwar ledar ruwan sha.

Bayan la'asar, ina shirin hawa babur, mai danƙon nan ya biyo ni da gudu yana tambayar yaushe baƙin tsuntsayen za su koma. Na ce masa kafin saukar damina, dab da zuwan shamuwa. Ya ce zai rubuta ranar a bayan littafinsa.