Macijin Girka da macijin Kusugu

Afolo ne ya kwantar da ni satin da ya wuce, idanu sun yi jawur kamar gauta, ba duba waya ba kallon ƙwallo, sai zaman ɗaki da baƙin gilashi. To mutum in ba abin yi tunani ne ke ta zuwa, kawai sai na tuna ashe wannan sunan na taɓa rubuta shi a jarabawa. Asalinsa Apollo ne. Ciwon ya ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da Amurka ta tura kumbon Apollo 11 duniyar wata, sai mutane suka ce ai shi ya kwaso musu, su kuma Amurkawan sunan wani abin bautar Girkawa suka ɗauko suka laƙa wa kumbon. Daga Girka zuwa wata, daga wata zuwa idona a Tudun Wada.

Muna JSS 2 lokacin, makarantar gwamnati, mu huɗu a benci ɗaya, wasu ma a taga suke zama. Malamar Turancinmu 'yar kudancin Kaduna ce, Madam kawai muke ce mata, mace mai zafi, in ta kama ka kana banakula a aji sai ka share baranda. Wata Alhamis ta shigo ta zana dutse a allo ta ce sunansa Olimfus, dutse mafi tsawo a Girka, wai a kansa alloli sha biyu suke zaune. Ziyus ne babbansu mai jifa da tsawa, Fosaidon shi ke da teku, ɗan uwansu Hedis kuma ba ya ma kan dutsen, yana can ƙarƙashin ƙasa da matattu. Ajin ya yi tsit. Can wani daga baya, wanda ya kusa sauka a Islamiyya, ya ɗaga hannu ya ce Madam wannan ai shirka ne. Yaran Kirista ma suna ta gyaɗa kai, ranar dai bakinmu ya zo ɗaya.

Abin da ba zan manta ba, ita da ta hana Hausa ita ta karya dokar da kanta. Ta ajiye alli ta ce, "Ni ma coci nake zuwa ba Olimfus ba. Ku da kuke jin labarin Gizo da Ƙoƙi kullum, akwai wanda ya taɓa yi wa Gizo sujada?" Aka fashe da dariya, shi kenan magana ta wuce.

Daga nan Alhamis ta zama ranar da ba mai tsallake katanga. Mun ji na Ikarus da babansa ya haɗa masa fukafukai da kakin zuma ya ce kar ka yi sama da yawa, yaro ya ƙi ji, rana ta narkar da kakin ya faɗa teku, mu dai muka ce wannan kunnen ƙashi ne kawai irin namu. Mun ji na Sarki Midas da ya roƙi duk abin da ya taɓa ya zama zinare har abinci ya gagare shi, a nan ne aka yi musu sosai don wani ya dage wai da shi ne sai ya sa a riƙa ba shi a baki, kuma ya fara da taɓa Vespa ɗin babansa. Shi kuwa Ziyus gaskiya bai burge kowa ba, babba guda sai rikiɗa yake yana bin matan mutane.

Amma na Kadmus shi ne ya bi ni har gida. Ranar NEPA sun ɗauke wuta, muna tsakar gida a tabarma, Iya kakata tana tsinkar zogale da fitilar ƙwai a gefe, ita mutuniyar Daura ce, aure ne ya kawo ta Kaduna. Na ce Iya yau ni zan ba ki tatsuniya. Ta ce to maigidan, ta zo mu ji ta.

Na fara, Kadmus ɗan sarki ne a birnin Taya, can Lebanon ta yanzu, sai Ziyus ya rikiɗa ya zama farin bijimi ya sace ƙanwarsa Yurofa, uban ya ce fita ka nemo ta, kar ka dawo sai da ita. Ya yi ta yawo har ya isa Delfi wurin masu duba, aka ce masa bar neman nan, ka bi wata saniya, duk inda ta gaji ta kwanta ka kafa gari a wurin. Saniya ta kwanta, ya tura mutanensa ɗebo ruwa a wata maɓuɓɓuga, ashe wani ƙaton maciji ne ke gadin ruwan, ya hallaka su, Kadmus ya zo ya kashe shi. Ina shirin shiga wurin da na fi so, inda ya shuka haƙoran macijin mayaƙa suka tsiro daga ƙasa da makamansu, ya jefa dutse tsakaninsu suka yi ta kashe juna har saura biyar waɗanda suka taya shi gina birnin Tibis, sai Iya ta ajiye zogalen.

"Dakata. Baƙo ne?" Na ce eh. "Ɗan sarki daga gabas? Maciji ya tare ruwa ya kashe shi? Ya yi aure ya zauna?" Na ce eh Iya, har ya zama sarki. Ta tafa hannu ta ce, "La ila, ai Bayajidda ne! Sun sace mana sun canza masa suna."

Daren nan ban ƙara cewa uffan ba, ita ta karɓe. Yadda ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa ta ce ai babu, macijin rijiyar Kusugu da ake kira Sarki ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya je ya sare kan macijin, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, aka samu Hausa bakwai. Ta ce rijiyar tana nan har gobe, ita da kanta ta sha ruwanta tana yarinya, su Girkawan su nuna tasu in da gaske ne.

Wata Alhamis ɗin na tattara ɗan Turancin da nake da shi na kai wa Madam ƙara, wai kakata ta ce an yi sata. Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce labarin Kadmus tsoho ne ƙwarai, wani marubucin tarihi na Girka mai suna Hirodotus ya ambace shi tun fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, har ya ce mutanen da suka zo tare da shi su suka kawo wa Girkawa haruffan rubutu. Ta ce labarin jarumi da macijin da ya tare ruwa akwai shi a ƙasashe da yawa, ba sai wani ya ɗauko daga wani ba. Sannan ta ce in rubuto mata na Bayajidda da Turanci shafi biyu. Na rubuta, ta cika shi da jan biro, musamman inda na rasa Turancin guga na rubuta guga ɗin kawai, amma ta sa na karanta a gaban aji, kuma rabin ajin, har da Hausawan, ranar suka fara jin sunan Ayana.

Na koma na gaya wa Iya duk abin da Madam ta ce. Ko a jikinta, Hirodotus ɗin ma ta ce ba ta san uwarsa ba. Abu ɗaya ne ya dame ta, ta ce wai ita yarinyar da aka aike shi nema fa, ya same ta? Na ce a'a Iya, tana can tsibirin Kirit, a can ta haihu, shi bai taɓa ganinta ba. Ta ja kwandon zogalenta ta ce, "An aike shi neman ƙanwa ya bi saniya ya je ya yi aure. Ku maza duk haka kuke, tashi ka rufe kaji."