Kariyar da sarakunan Turai suka sayar wa Yahudawa

Abin da ke ci min rai a tarihin Yahudawan Turai na da shi ne yadda sarki zai ce yana kare su alhali tatsarsu kawai yake. A Ingila su da abin hannunsu duk mallakar sarki ne, tunda coci ya hana Kirista cin kuɗin ruwa sai harkar bashi ta dawo hannunsu, su ba da rance shi kuma ya yanka musu haraji yadda ya ga dama. Da wani attajirin Bayahude, Haruna na garin Lincoln, ya mutu a 1186, Sarki Henry na biyu kwashe dukiyarsa ya yi kaf har da basukan da yake bin mutane.

To ina kariyar? A 1190 aka yi musu kisan gilla a garin York, maharan suka wuce babban cocin garin suka ƙone takardun bashin da Yahudawa ke bin mutane. Bayan nan sai fada ta sa aka tanadi akwatunan ajiye kwafin takardun don kar baitulmali ya ƙara asara, wallahi abin da takaici. Da aka gama talauta su Sarki Edward na ɗaya ya hana su ba da rance da ruwa a 1275, ya kore su daga ƙasar a 1290, gidajensu suka koma hannunsa.