Rigimar Kwanciyar Yara Tun da Rana Ake Ƙulla Ta

Yawancin kokawar da iyaye suke sha da ƙaramin yaro lokacin kwanciya, tun da rana ake ƙulla ta. Shi ya sa da na tashi gyara barcin yarana, da lissafi na fara. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016: jariri daga wata 4 zuwa 12 yana buƙatar awa 12 zuwa 16 a cikin awa 24, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13, duk har da barcin rana. Daga lokacin tashi ake ƙirgowa baya. Yaro ɗan shekara 3 da yake tashi ƙarfe 6:30 na safe, yake barcin rana na awa ɗaya da rabi, in jikinsa na son awa 12, to ya kamata ƙarfe 8:00 na dare ta same shi ya yi barci, a fara shirin kwanciya wajen 7:30. Lokacin tashin nan shi nake riƙewa da ƙarfi, har ranakun hutu ba na bari ya goce fiye da awa ɗaya, kuma da an tashi sai a buɗe labule, domin hasken safiya ne yake saita agogon jiki.

Barcin rana shi ne ya fi yaudarar mutane. Gajiyar da take kawo barci taruwa take yi tun daga tashi, barcin rana kuma yana kwashe ta. Yaron da ya kwanta ƙarfe 4 ya farka ƙarfe 6, ko me za a yi masa ba zai ji barci ƙarfe 8 ba, kuma ba taurin kai ba ne. Ga ɗan shekara 2 zuwa 3 nakan bar tazarar awa 4 zuwa 5 tsakanin farkawa da kwanciyar dare, in lokaci ya yi bai tashi ba, na tashe shi a hankali. Akwai kuma akasin haka. Yaron da aka bari ya wuce lokacinsa, maimakon ya yi laushi sai ya ƙara zafi: guje-guje, dariya ba dalili, kuka kan abin da bai kai ya kawo ba. Hamma, murza ido, jan kunne da zuba wa wuri ɗaya ido su ne alamun farko, kuma a nan ake kama shi.

In yaro ya riga ya saba yin barci ƙarfe 10, kwantar da shi ƙarfe 8 dare ɗaya ba abin da zai haifar sai awa biyu na faɗa. Abin da ya yi mini aiki shi ne in fara kwantar da shi a lokacin da barci yake ɗaukarsa da gaske. Da na ga yana yin barci cikin minti 15 zuwa 20, sai in matso da lokacin baya da minti 15, in bar shi haka dare biyu ko uku, in sake matsowa. Akwai jan lokaci, amma gado ya daina zama wurin rigima a idonsa.

Shirin kwanciyar kansa gajere ne, minti 20 zuwa 30, abu huɗu ko biyar a jere guda kowane dare. Saura awa ɗaya a kashe talabijin, a ajiye waya, a rage fitilu. Duhu ne yake sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin mai kiran barci, haske mai ƙarfi kuma yana danne shi, ga shi idon ƙananan yara ya fi na manya jin hasken dare. Saura minti 10 nakan sanar: “Ku ƙarasa wasa, an kusa wanka.” Yaron da aka fizge daga tsakiyar wasa dole ya yi bore. Daga nan sai wanka da ruwa mai ɗumi, sai goge haƙori, sai fitsari, sai kayan barci, sai labari. Man goge haƙori mai sinadarin fulorayid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ya isa ga wanda bai kai shekara 3 ba. Kowane mataki ya zama yana ƙara kusantar da yaro ga shimfiɗarsa. In aka koma falo bayan an sa kayan barci, an warware abin da aka ƙulla. Ina ba da zaɓi a inda ba ya ɓata komai: wannan rigar ko waccan, wannan labarin ko wancan. Lokacin kwanciya kuwa ba zaɓi a cikinsa, don haka ba na tambayar “Za ka kwanta?” Adadin labari ma tun kafin a fara ake yanke shi, biyu ne, biyun ne. Shayarwa ko kwalbar madara a farkon shiri nake sa ta, kafin goge baki, saboda madarar da ta kwana a baki tana cin haƙori.

Mataki na ƙarshe shi ne ginshiƙin duka, kuma shi ne aka fi kuskurewa. Kowane mutum yakan ɗan farka sau da yawa cikin dare tsakanin zango da zangon barci. A jarirai zango ɗaya bai fi minti 50 zuwa 60 ba. Babba yakan juya ya ci gaba, bai ma san ya farka ba. Yaro kuwa yakan duba ko abin da ya yi barci da shi yana nan. In a hannu ake jijjiga shi barci ya ɗauke shi, ya farka ya ji shi kaɗai a gado, zai yi kuka har a maido masa da hannun. Kamar mutum ne ya kwanta kan matashi, tsakar dare ya laluba ya ji babu. Don haka abin da nake nema shi ne barci ya ɗauke shi a inda zai kwana, cikin yanayin da zai tarar ƙarfe 2 na dare. In kwantar da shi yana lumshe ido amma bai tafi ba, in faɗi magana ɗaya da ba ta canzawa: “Sai da safe, ɗana, ina nan kusa.”

Wanda ya saba da jiki ba a yanke masa lokaci guda. Nakan fara zama a gefen gado hannuna a bayansa, bayan dare uku in janye hannun, sai in koma kujera, kujerar ta riƙa matsawa wajen ƙofa duk bayan ƴan kwanaki har ta fita. A zauna shiru, ba hira, ba waya a hannu. A sani cewa kukan yakan ƙaru a darare na farko kafin ya ragu, domin yaro yana gwada ko abin da ya saba yi zai ci gaba da aiki. Nan ne mafi haɗari: in aka jure minti 30 sannan aka sallama, an koya masa cewa kukan minti 30 ne farashin. Gara a zaɓi hanya mai sauƙi da za a iya riƙewa, kuma uwa da uba da duk mai kwantar da yaron su yi magana da murya ɗaya. Ba a fara wannan ga jaririn da bai kai wata 4 zuwa 6 ba, ko yaron da ba shi da lafiya.

Daga shekara 3 sai a shiga zamanin “Mama, ruwa”, “Baba, fitsari”. Ruwa da fitsari nakan sa su cikin shiri tun farko. Sannan in ba shi kati guda ɗaya na fitowa: yana da damar tasowa sau ɗaya don wata buƙata ta ɗan lokaci, ya miƙa katin. In ya sake fitowa, a kama hannunsa a mai da shi, ba faɗa, ba dogon bayani, ko sau nawa ne. In katin ya kwana a hannunsa, da safe a yaba masa sosai. Tsoron duhu kuwa gaskiya ne a wannan shekarun, kada a yi masa dariya. Ƙaramar fitila mai ja-ja ko ruwan ɗorawa da ƙofa a ɗan buɗe sun wadatar.

Jaririn da bai cika shekara ba yana da ƙa'idar da ba na sassautawa: a kwantar da shi rigingine, kan shimfiɗa mai tauri kuma miƙaƙƙiya, ba matashi, ba bargo mai nauyi, ba ƴar tsana, kuma kada a yi barci da shi a kan kujera.

Wasu abubuwan kuma sun fi ƙarfin tsari. Yaron da ya zabura yana ihu awa 1 zuwa 3 bayan kwanciya, ido buɗe amma bai gane kowa ba, firgitar barci ce. Kada a tashe shi, a tsare shi kada ya ji rauni, da safe ba zai tuna ba, kuma ƙarancin barci yana ƙara ta. Minshari mai ƙarfi kusan kullum, numfashi na tsayawa, ko barci da baki buɗe tare da yawan juye-juye, wannan na likita ne, domin sau da yawa kumburin ƴan wuya ko naman bayan hanci ne yake toshe hanyar iska. Maganin mura mai sa barci ko ƙwayar melatonin kuwa, kada a ba yaro don ya kwanta sai likita ya duba shi ya ce a ba shi.