Ruwa garau ba shi ne ruwa mai tsafta ba

A yawancin gidajenmu ido ne alƙalin ruwan sha: in ya yi garau kuma ba ya wari, sai a zuba a randa hankali kwance. Matsalar ita ce ƙwayoyin da ke haddasa kwalara da taifot ba sa sauya wa ruwa kala ko ɗanɗano. A shekarar 2021 kaɗai an samu mutane sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

A ganina, babban haɗarin yana cikin gida ne. Masana na ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma a cunkusassun unguwanninmu, inda gado ya raba gida ɗaya gida huɗu, wa ke da wannan fili? Mutum zai nisanta rijiyarsa da masansa, alhali masan maƙwabci na bayan katanga, taku biyar daga bakin rijiyar. Idan damina ta yi nisa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, ƙazantar sai ta tsatso ta cikin ƙasa, shi ya sa amai da gudawa suka fi yawa a watannin ruwa. Ga kuma guga da ake yar da shi a ƙasa inda kaji ke tattaki, a sake zura shi ba wanki.

Ruwan famfo ma yakan baro matata irin ta Tamburawa da ke Kano da tsaftarsa, ya lalace a hanya, domin bututan da suka ratsa kwata suna tsotsar ruwan datti ta wuraren da suka fashe duk lokacin da aka ɗauke ruwa. Na 'yan garuwa kuwa, a leƙa cikin jarka a ga gansakukan da ya kama ta. Daga nan sai randa, wadda kowane yaro ke tsoma moɗa har da yatsunsa a ciki.

Mutane da yawa sun ɗauka burtsatse ta raba gardama, amma abin da ya faru a Tibiri, kusa da Maraɗi, ya isa darasi. Rijiyar burtsatsen da aka soma sha a 1985 tana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, kuma an shafe shekaru ana sha kafin a gane dalilin da haƙoran yara ke dafewa, ƙasusuwansu ke lanƙwashewa. Irin wannan guba tafasawa ba ta kawar da ita. Gwaji ne kawai ke tona ta, kuma masu haƙa burtsatse a gidaje ba kasafai suke kai ruwan a auna ba.

Alam da ake jefawa a ruwan da ya gurɓace laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Abin da ke kashe ta shi ne a tafasa ruwan har ya yi ɓul-ɓul na minti guda, ko a sa kulorin daidai ƙa'ida a jira rabin awa, sannan a adana shi a mazubi mai murfi da ɗan famfo, yadda hannu ba zai shiga ba.