Juma'ata ta farko a Guangzhou

Sarin takalma ne ya kai ni Guangzhou a 2019, kuma tun a jirgi zancen sallah ke cin raina, don an cika min kunne cewa a ƙasar Sin ba a san Allah ba. Ranar Juma'a tafintana, ɗan Hui, wata ƙabilar Musulmin Sin, ya ja ni masallacin Xianxian, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda mutanen gari ke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, ko da yake malamanmu sun ce a Madina aka binne shi. Sahu ya cika har ƙarƙashin bishiyoyi, ga Larabawa, ga 'yan Mali, ga tsofaffin Hui da fararen hulunansu. Da liman ya ja Fatiha, sai da na yi ƙwalla.

Kuskurena ya zo bayan an idar. A bakin titi na zaro 'yan littattafan koyon sallah da na taho da su, zan raba. Tafinta ya riƙe min hannu.

"Alhaji, mayar da su jaka. Sallarka a masallaci ba mai hana ka, amma wannan wa'azi ne, kuma doka ta hana baƙo."

A hanya ya warware min. Addini biyar hukuma ta amince da su: Buddha, Tao, Musulunci, Katolika da Furotesta, kowanne da ƙungiyar da ke sa masa ido. Ta Musulmi tun 1953 aka kafa ta. Masallaci sai da rajista, liman sai da takardar izini, ɗan jam'iyyar Kwaminis kuwa ba a yarda ya bi addini ba. Daga 2018 aka matsa cewa addini ya ɗauki kamannin Sin. Ya nuna min hoton masallacin garinsu a lardin Gansu: an sauke koriyar ƙubba, an ɗora rufin gargajiya. Bai ce komai ba, amma ya daɗe yana kallon wayar.

Da dare muna cin taliyar Lanzhou na tambaye shi cikin mutane labarin Xinjiang, yankin da ake cewa hukuma na takura wa Musulmi. Ya yi shiru, ya tura min shayi. Nan na gane wautata: ni mako biyu zan yi in tafi, shi nan iyalinsa suke. Ban sake ba.

Kafin in dawo ya koya min haruffa biyu da ake karantawa qingzhen, alamar abincin halal, domin a wurare da dama an goge rubutun Larabci daga allunan gidajen abinci. Har yau takardar da ya rubuta min su tana cikin fasfona.