Talata, da amsar da ke bayan littafi

An ɗauke wuta tun la'asar. A tsakar gida nake rubutun nan a waya, don ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi. Bazarar bana sai dai a ce Allah ya kawo damina lafiya.

Da farin cikina na tashi yau. Amir ya tafi makaranta ba kuka, kwana biyu ke nan a jere. Na leƙa Sabon Gari na sayo zare da zif na kayan Maman Ilham, na haɗo da mangwaro leda guda mai araha. Hajiya ta aiko da dambu. Har azahar babu abin da ya ɓata min rai.

Sai maganar Hafsa.

Saura sati uku ta zauna JAMB, jarabawar shiga jami'a. Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma kusa da kekena, ta buɗe littafin nan na tsofaffin tambayoyi, wanda ni da kaina na saya mata a kasuwa. Yau ina taka keke ina jin ta tana maimaita wani abu ƙasa-ƙasa kamar mai hadda: "Lenient, D. Lenient, D." Ta faɗa ya fi sau goma.

Na ce, "Ke Hafsa, me kike ta bita haka?"

Ta ce, "Wadda na faɗi ce, Yaya. So nake ta zauna min."

Na tsayar da keken na ce ta miƙo. Tambayar tana cikin sashen da aka rubuta opposite in meaning a samansa, wato a nemo kishiyar kalmar da aka ja wa layi. Jimlar ta ce, "The examiner was lenient with the candidates." Zaɓi huɗu ne: generous, strict, careless, kind. Lenient dai mai sassauci ne, mai ɗaga ƙafa. Kishiyarsa mai tsanani, strict, wato B. Da na kai takardar kusa da idona sai ga sawun fensir a kan B, an goge shi da ƙarfi har wurin ya yi laushi ya kusa hujewa. A kan D kuma an zagaya da biro, sau biyu.

Na ce, "Me ya sa da farko kika ɗauki B?"

Wallahi ta yi min bayani tsaf. Ta ce malamin da yake lenient shi ne wanda in ka makara minti biyar zai bar ka ka shiga, wanda yake strict kuwa zai rufe ƙofa a kan idonka. Ko ni ba zan faɗe shi fiye da haka ba.

"To me ya sa kika goge?"

Ta juya bayan littafin ta ɗora yatsa a kan lambar. D.

Na ce mata littafin ne ya yi kuskure. Wanda ya tattara tambayoyin nan shi ya zauna ya fitar da amsoshin, kuma mutum ne kamar ni da ita. Sashen nearest in meaning, inda ake neman kalmar da ta fi kusa a ma'ana, yana maƙwabtaka da wannan, ga dukkan alamu ya ruɗe ne ya ba da mai kama a inda ake neman kishiya. Ta saurare ni har na gama, kanta a sunkuye, sannan ta ce a hankali, "Yaya, ai bugawa aka yi."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har yanzu.

Na shiga ɗaki na lalubo tsohon ƙamus ɗina na zamanin da nake Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda bangonsa ya rabu. Na ce ta buɗe da hannunta ta karanta. Ta karanta, ta gyaɗa kai. Na ɗauka an gama. Sai ta ce, "Na gani, Yaya. To amma in su masu jarabawar D ɗin suke so fa? Ni maki nake nema."

A nan na ɗaga mata murya, abin da ba na son yi. Na ce shekara shida ta yi a sakandare don ta san ma'anar kalma, ba don ta haddace harafi ba. Na ce ko da tambayar ta sake fitowa, wa ya yi mata alkawarin kind zai zauna a D yana jiran ta? Idonta ya kawo ruwa. Ba ta ce komai ba, ta naɗe tabarma ta shiga wajen wanke-wanke tun lokacinsa bai yi ba.

Na koma kan keke amma ɗinkin ya ƙi tafiya. Sau biyu ina farke hannun riga ɗaya.

Da na huce na san ba taurin kai ba ne. Wannan ne karonta na biyu. Bara ta samu 198, ita kuwa harhaɗa magunguna take so a babbar harabar jami'ar da ke Samaru, kowa ya san wannan makin ba zai kai ta ko bakin ƙofa ba. Ƙawayenta biyu sun shiga, suna turo mata hotuna daga gaban laburaren Kashim Ibrahim. Ga jarabawar kanta: tambaya 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Yarinyar da ke ƙirga daƙiƙa a gaban kwamfuta, ga tsoron bara a ƙirjinta, dole ta so abin da za ta danna ba tare da ta tsaya tunani ba. Mu lokacinmu da fensir muke cike gurbi a takarda, sai daga 2015 aka mayar da komai kan kwamfuta, amma tsoron iri ɗaya ne.

Kuma na san inda haushina ya samo asali, ba daga Hafsa ba ne. A 2009 sakamakona na WAEC, jarabawar gama sakandare, ya fito, Turanci D7. A bayanin makin an nuna D7 da E8 sunansu pass. Baba, Allah ya jiƙansa, ya sa aka karanta masa, ya ji kalmar pass, ya fita zaure yana gaya wa mutane 'yarsa ta ci duka. Har goro ya raba. Ni ce na durƙusa gabansa da dare na ce, "Baba, wannan pass ɗin ba ya kai mutum jami'a. Sai credit, daga C6 zuwa sama, guda biyar, har da Turanci da Lissafi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To me ya sa suka ce kin wuce, in ba ki wuce ba?" Ban da amsar da zan ba shi. Shekara guda na zauna a gida saboda wannan, sai da na sake zama na samu C5.

Mu a Hausa magana biyu ce, ko ka ci jarabawa ko ka faɗi. Turancin jarabawa kuwa cike yake da kalmomin da ke da fuska biyu, kuma ba a cika zama a koya wa yara su ba. Outstanding a ƙamus abin da ya yi fice ne, amma in ka gan shi a gaban darasi a sakamakonka, ma'anarsa makin bai fito ba tukuna. Na ga gidan da aka yi murna da shi a unguwarmu kafin a gane. Withheld kuwa an riƙe sakamakon ne, galibi bisa zargin satar amsa. Candidate da yara ke ji a bakin 'yan siyasa a matsayin ɗan takara, a zauren jarabawa su ne da kansu. Sannan ga ƙananan nan da ke laɓe cikin umarni: except, not, nearest, opposite. Kalma ɗaya tak, in idonka ya tsallake ta, ka san amsa sarai amma ka ba da akasinta. Abin da ya sami mai littafin ke nan, shi da ya zauna a natse ba mai ƙirga masa lokaci.

Abban Amir ya dawo daga Kwangila gab da magariba, ya ga fuskokinmu ya gane. Da na ba shi labari abin da ya ce kawai shi ne, "Ki bi ta a hankali. Yarinyar nan tsoro take ji."

Bayan isha'i na kira ta. Na ce ta yi haƙuri da faɗan ɗazu, ta ce, "Ba komai, Yaya." Na kunna fitila mai caji, muka ajiye littafin da ƙamus gefe da gefe. Na ce yau ba za mu duba bayan littafi ba sai ta gaya min dalilin kowace amsa da bakinta. Muka bi tambaya 40 na sashen. Mun sami wasu kurakurai biyu a amsoshin. Na ƙarshen ita ta gano shi, ba ni ba. Kalmar scarce ce, abin da ya yi ƙaranci, ana neman kishiya, ta ɗauki plentiful, littafi ya ce rare. Ta tsaya shiru, ta sake karanta umarnin, ta buɗe ƙamus, ta rufe. Sai ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Yaya, ko dai ni ce ban gane ba?"

Na ce, "Ke kika gane."

Na miƙa mata jan biro na ce ta gyara a bayan littafin da hannunta. Ta riƙe shi a saman shafin ya fi minti ɗaya. Daga ƙarshe ta ajiye biron, ta ɗauki fensir, ta rubuta amsarta 'yar mitsitsiya a gefen wadda aka buga, ba ta soke tasu ba. Na so in yi magana, na tuna abin da Abban Amir ya ce, na yi shiru.

Rigar Maman Ilham ba ta samu ba yau, na tura mata saƙo sai Alhamis. Amir ya yi barci da ƙwallon mangwaro a hannu. Har yanzu ba a kawo wuta ba, fitilar ta soma dusashewa, kuma daga nan ina jin Hafsa tana buɗe shafi a ɗaki. Ban san gaban littafin take dubawa ba ko bayansa.